A ba malamin aji kuɗin alli a hannunsa

Shiga ajin ɗaya ko na biyu a makarantar firamare ta gwamnati, a ƙauye ko a tsakiyar birni, ka dubi bango. Galibi fayau za ka same shi, babu baƙaƙe da wasula, babu jadawalin lissafi, balle taswira. Allon ya koɗe har na bayan aji ba sa ganin abin da aka rubuta. In kuwa ka ci karo da ajin da aka manna kwalaye masu launi, ga gwangwani cike da murafun kwalba na koyon ƙirga, ga ɗan akwatin fensir na ara wa wanda ya zo hannu rabbana, to ka tambayi wanda ya saya. Sau da yawa za a ce maka malamar ajin ce, daga albashinta. A wasu wuraren kuma yaran ake cewa kowa ya zo da kuɗin alli, alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas.

Ra'ayina a nan ɗaya ne: a ware ɗan ƙaramin tallafi, duk zangon karatu, wanda malamin aji da kansa zai yanke abin da za a saya da shi. Ina nufin kuɗin alli, kwali, maka, gam, fentin allo, rim ɗin takarda da 'yan littattafan labarai na karatun yara. Ƙananan abubuwa ne, amma da su ake koyarwa kullum safiya.

Kuɗin kayan koyarwa akwai su a takarda. Dokar nan ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Rabin wannan kaso yana tafiya ne ga jihohi don gine-gine, da sharaɗin jiha ta kawo nata daidai da shi, kuma an sha jin hukumar tana kukan biliyoyin naira sun yi kwantai saboda wasu jihohi ba su kawo nasu ba. Wani kason kuma na kayan koyarwa ne. Sai dai hanyar da yake bi doguwa ce: a ba da kwangila a sama, kaya su sauka a ofishin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, daga nan zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kafin su kai siton hedimasta. Kafin su iso, wani lokaci zango ya raba. Kuma wanda ya zaɓi kayan bai taɓa tsayuwa gaban yaran nan ba, don haka sai a aiko da abin da ake da shi a bar abin da ake nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aika kuɗi kai tsaye zuwa makaranta ba baƙon abu ba ne a Arewa. Daga 2015, shirin tallafa wa ilimin firamare na NIPEP ya shigo da dala miliyan 100 jihohin Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato, kuma wani ɓangare na kuɗin ya riƙa faɗawa asusun kwamitocin kula da makarantu, wato SBMC. A 2020 shirin AGILE na Bankin Duniya ya biyo baya da dala miliyan 500 don karatun 'yan mata a sakandare, ya fara da jihohi bakwai, ciki har da Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi da Borno, shi ma da nasa tallafin gyaran makarantu. Ashe asusun ma akwai shi, kwamitin akwai shi, mutane sun saba sa hannu a takardar banki. Abin da ya rage a ganina shi ne muryar malamin aji. Idan kwamiti ya zauna gaban rufin da iska ta yaye da masai da ya cika, dole can hankali zai tafi, kuma ban ga laifinsu ba. Kwali da maka ba za su taɓa yin nasara a kan kwanon rufi ba in an haɗa su cikin aljihu ɗaya. Shi ya sa nake cewa a raba aljihun.

Kenya ta yi hakan a 2003, lokacin da ta soke kuɗin makarantar firamare. Ta riƙa biyan shilin 1,020 a kan kowane yaro a shekara, ta raba su asusu biyu, ɗaya na hidimar yau da kullum, ɗaya kuma mafi tsoka na kayan koyarwa zalla. Gaskiya ne a 2018 gwamnatin ƙasar ta karɓe sayen littattafan darasi ta mai da shi hannunta, bayan ƙorafin tsada da rashin isar littattafai ga ɗalibai. Wannan darasi ne da ya kamata mu ɗauka yadda yake. Littafin darasi da ake bugawa miliyoyi ya fi sauƙi a saye shi a dunƙule. Amma babu hikima a ce sai an jira mota daga babban birnin jiha ta kawo alli, alhali ga shi a shagon bakin kasuwa.

Na san abin da za a fara cewa: za a cinye kuɗin. Tsoron yana da tushe, musamman yanzu da rayuwa ta yi tsada tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma albashin malamai da yawa ba ya kai su ƙarshen wata. To amma a ina kuɗin makaranta suka fi salwanta? A Uganda an bi sawun tallafin da gwamnati ke aika wa makarantun firamare daga 1991 zuwa 1995, aka tarar kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makarantun, sauran sun maƙale a ofisoshin da ke tsakani. Sai gwamnati ta fara buga adadin da ta aika a jaridu, aka umarci makarantu su manna nasu a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. A kan hanya kuɗin suka riƙa ɓacewa, a wuraren da idon iyaye ba ya kaiwa. Malamin da aka ba naira 20,000, aka rubuta adadin a ƙofar ajinsa, aka faɗa a masallaci bayan sallar Juma'a, yana cikin mutanen da zai haɗu da su gobe a majalisa da wurin suna. Uban yaro zai iya leƙawa ya ga ko an yi wa allo fenti. Wannan uban ba shi da hanyar leƙa fayil ɗin kwangila.

A yi lissafin ma a gani. Makaranta mai aji 12, in kowane aji ya samu naira 20,000 a zango, shekara guda ta tashi a naira 720,000. Wannan adadin misali ne nawa, kowace jiha za ta iya auna nata, amma kowa ya san bai kai kuɗin ginin aji ɗaya ba. Jihar Kano da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 tana iya gwada abin a 'yan ƙananan hukumomi na shekara guda, ta kwatanta da waɗanda ba a ba ba.

Sharuɗɗan kada su yi nauyi, don in aka ce sai malami ya cike fom shafi goma ya kai ofis da kuɗin motarsa, an kashe abin tun a ƙwai. Rabin shafi ya isa: ga abin da ajina ke buƙata, ga farashinsa. Hedimasta da shugaban SBMC su sa hannu, kuɗi su fito a makon farko na zango, a kawo rasit, kayan su zauna a aji ko da an yi wa malamin canjin makaranta. Wanda bai kawo rasit ba, ba shi da rabo a zango na gaba.

Ba gwamnati kaɗai nake wa magana ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da attajiranmu sun fi son abin da za a ƙaddamar a ɗauki hoto, kuma gini alheri ne, Allah ya saka. Sai dai akwai wata hanyar. A Amurka wani malamin makaranta a unguwar Bronx ta New York, Charles Best, ya kafa DonorsChoose a 2000, inda malami ke rubuta abin da ajinsa ya rasa, masu hali su biya. Mu ba ma buƙatar shafin intanet kafin mu fara. Kowane rukunin tsofaffin 'yan aji yana da zaurensa na WhatsApp, ana tara kuɗin biki da na jinya a ciki. Mutum ɗaya ya je tsohuwar makarantarsu kafin a koma hutu, ya zauna da malamar aji ɗaya, ya ce: "Malama, me kike saya da kuɗinki?" Ya rubuta abin da ta lissafa, ya tura zauren.