Ku daina auna kansila da motarsa

Samari 'yan'uwana, ranar Juma'ar da ta wuce na ji wata magana a wata fada ta samari masu shan shayi a unguwar Zariya, nan Maradi, wadda har yanzu take ci mini rai. Wani dattijo da ya taɓa zama kansila ya wuce bisa tsohon babur, cefane ɗaure a bayansa, sai wani yaro ya ajiye butar shayi ya ce, "Ku dubi wannan, ya shekara da shekaru a majalisa amma ko bulo ɗaya bai aza ba." Aka kwashe da dariya, ba wanda ya tsawata.

Wato a wurinku wanda ya riƙe amana shi ne wawa. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Nijar a 2004, aka kuma kafa majalisar jiha a 2011, hanyar ɗan siyasar gida sananniya ce: ya fara daga unguwa, ya zama kansila a ɗaya daga gundumomi uku na birnin Maradi, idan takwarorinsa sun amince masa su zaɓe shi magajin gari. Aikin da ke gabansa shi ne harajin kasuwa, kwashe shara, yashe magudanan ruwa kafin damina, takardun haihuwa da rabon filaye. Amma ban taɓa jin ɗayanku ya tambayi magudana nawa aka yashe a unguwar Bagalam ko Mokoyo ba, tambayarku kullum ita ce, "Me ya samu?"

Kuma ku ne ke yi masa sammako a ƙofar gida, wannan da takardar magani, wancan da zancen suna, wani ma kuɗin cacar ƙwallo ta waya yake nema, abin da ya cinye samarin garin nan ba tare da iyaye sun farga ba. Kansila ba albashi gare shi ba, ɗan kuɗin zama ne. Daga ina zai samo abin ba ku, in ba daga kuɗin tikitin kasuwa ko filin makarantar da aka yanka aka sayar ba? Idan ya hana ku ce marowaci ne, idan ya bayar ku yi masa kirari, idan ruwa ya ci gidanku ku ce ɓarawo ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja sun rushe majalisun nan, aka naɗa masu riƙo, aka bar mu da halinmu yadda yake. Ya kamata ku gyara tunani tun kafin a koma zaɓe, domin da yawanku kujerar kuke hari, da wannan lissafin kuma za ku hau ta.

A da, mutumin da aka ce ya taɓa dukiyar jama'a ko ɗaurin aure ya zo gefe yake raɓewa, dattawa su amsa gaisuwarsa a taƙaice. Yanzu shi ake shimfiɗa wa darduma a sahun gaba, maroƙi na kiran sunansa da lasifika.