Kamfanoni da sauyin yanayi: a bi sawun kuɗi, a rage sauraron alƙawari

A watan Agustan 2020 kamfanin mai na BP ya fito ya shaida wa duniya cewa kafin 2030 zai rage man fetur da gas ɗin da yake haƙowa da kashi 40 cikin 100. Aka yi ta sa masa albarka, har wasu na cewa ga tsohuwar kura ta tuba. Sai yaƙin Yukiren ya ɓarke, farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, kamfanin ya ci ribar kusan dala biliyan 28 a 2022. A Fabrairun 2023 ya ce kashi 40 ɗin nan ya yi yawa, a mayar da shi 25. A Fabrairun 2025 ya ajiye maganar gaba ɗaya, ya ƙara kuɗin da yake zubawa a haƙar mai, ya zaftare na makamashi mai tsafta. A tsakanin nan kuwa zafin duniya bai yi sauƙi ba: 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kuma ita ce ta farko da ta haye ƙarin digiri 1.5 a kan zafin zamanin kafin masana'antu, iyakar da ƙasashe suka yi fatan tsayawa a kai a yarjejeniyar Paris ta 2015.

Ban kawo labarin nan don in tsine wa BP ba. Abin da aka gina kamfani ya yi shi ya yi. Shugaban kamfani yana da iyayen gida, su ne masu hannun jari, kuma duk wata uku sai ya tsaya a gabansu ya karanta musu lissafi. Idan ya ce musu ya bar riba a ƙarƙashin ƙasa saboda jikokinsu, yawancinsu za su gode masa, sannan su nemo wani su ba shi kujerar. Matsayata ita ce: ba za a iya rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ba tare da 'yan kasuwa ba, amma duk wanda ya jingina da kyakkyawar niyyarsu ya jingina da inuwa. Abin da ke motsa kamfani lissafi ne, saboda haka lissafin ya kamata a gyara.

Dalilin da ya sa ba a iya tsallake su a fili yake. Wani rahoto da ƙungiyar CDP mai bin diddigin hayaƙin kamfanoni ta fitar a 2017 ya nuna cewa kashi 71 cikin 100 na hayaƙin masana'antu tun daga 1988 ana iya bin sawunsa zuwa kamfanoni 100 kacal masu haƙar mai da gas da kwal. Ana yawan jefa wannan adadi ba tare da bayani ba. Da yawa daga cikin ɗarin nan na gwamnatoci ne, irin su Aramco na Saudiyya da Gazprom na Rasha, kuma lissafin ya haɗa da hayaƙin da ya fita lokacin da ni da kai muka ƙona abin da suka sayar mana. Duk da haka darasin yana nan: famfon yana hannun mutane ƙalilan.

Kuma ba masu mai kaɗai ba ne. A leƙa masana'antar siminti. Akwai wani ƙaton bututun ƙarfe a kwance yana juyawa a hankali dare da rana, ana zuba masa niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa ta wannan baki, wuta na ci ta wancan har zafin ya kai wajen digiri 1,450. Dutsen da kansa, idan ya gasu, yakan rabu gida biyu, ya saki iskar kabon. Wato ko da a ce an hura wutar da makamashin da ba ya hayaƙi ko kaɗan, fiye da rabin kabon ɗin zai fita, domin daga cikin dutsen yake. Siminti shi kaɗai yana da alhakin wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na kabon ɗin da duniya ke fitarwa, ƙarfe ma kusan haka. Babu wanda zai ce a daina gina gidaje da gadoji da asibitoci. Babu kuma wani minista da ya san yadda za a sauya haɗin siminti daga cikin ofishinsa. Injiniyoyin kamfanin ne suka san bakin zaren, su ne za su gano nawa za a iya maye gurbin dutsen da gasasshen yumɓu ba tare da gini ya tsage ba. To amma me zai sa mai kamfani ya kashe miliyoyi a kan wannan, alhali maƙwabcinsa na sakin hayaƙi kyauta yana sayar da buhu da araha?

A nan gizo ke saƙa. Sararin sama shi ne jujin da ba a biyan kuɗin zubar da shara a cikinsa. Wanda ya zuba ya kwashi riba, wanda fari ya cinye wa gona ko ambaliya ta share wa gida shi ke biya, sau da yawa a wata nahiya dabam. Afirka baki ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin duniya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda aka gyara lissafi kuwa, 'yan kasuwa sun yi abin da ya ba kowa mamaki. A 2000 Jamus ta kafa dokar da ta tabbatar wa duk mai samar da lantarki daga hasken rana cewa za a saya a hannunsa a tsayayyen farashi na shekara 20. Kasuwa ta buɗe. Masana'antun ƙasar Sin suka shigo da ƙarfinsu, suka yi ta gasa, kowa na neman yadda zai rage sisi a kan kowane faranti. Daga 2010 zuwa yau kuɗin samar da lantarkin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, na batir ma haka. Yau mutum yana kafa sola ba don ya taɓa jin sunan yarjejeniyar Paris ba, sai don ta fi masa sauƙi. Babu taron ƙoli ko wa'azin da ya taɓa rage hayaƙi kamar wannan faɗuwar farashi. Gwamnati ta share fage, kamfanoni suka yi kokawar. Haka aka yi da iskar da ke huda rufin ozon, wato shimfiɗar da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa: masana'antun sinadarai sun daɗe suna jan ƙafa, amma da aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987, cikin 'yan shekaru suka fito da madadi suna sayarwa.

Inda aka bar su da alƙawarin baki kuma, sai kwalliya. Kalmar nan ta "sawun kabon", wato yawan hayaƙin da mutum ke jawowa, da ake cewa kowa ya auna nasa, BP ne ya yayata ta da tallace-tallace a wajen 2004 zuwa 2005, dabarar da ta juyo da yatsa daga rijiyar mai zuwa kan mai kunna fitila. Masanan kamfanin mai na Exxon kuwa tun 1977 suka faɗa wa shugabanninsu abin da ƙona mai zai haifar, kuma binciken da aka buga a mujallar Science a 2023 ya gano cewa hasashensu ya yi daidai ƙwarai. Kamfanin ya shafe shekaru bayan haka yana shuka shakku a zukatan jama'a.

Yau dabarar ta fi laushi. Kamfanin mai zai ce ya rage hayaƙinsa, ya nuna hoton sola a rufin ofishi, alhali kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hayaƙin da ke da nasaba da shi yana fita ne daga salansar motoci da bututun tashoshin lantarkin da suka sayi kayansa, kuma wannan ba ya cikin lissafin da ya nuna. Wani kuma zai ci gaba da hayaƙinsa, ya sayi takardar da ke cewa an kare wani daji a wata ƙasa a madadinsa. A Janairun 2023 binciken haɗin gwiwa na jaridun Guardian da Die Zeit ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan takardun daji da babbar hukumar tantancewa ta Verra ta amince da su ba su rage komai ba. Verra ta musanta, amma kasuwar ta girgiza. Bankuna ma sun nuna halinsu: manyan bankunan Amurka shida da suka shiga ƙawancen rage hayaƙi na 2021 duk sun fice tsakanin Disambar 2024 da Janairun 2025, daidai lokacin da Donald Trump ke shirin komawa mulki. Da kiɗa ya canza, rawa ta bi.

Wanda ke son gwada gaskiyar kamfanin mai ba sai ya jira 2050 ba, shekarar da kamfanoni ke alƙawarin kawo ƙarshen hayaƙinsu. Ya tambaye shi labarin iskar metan. Ido ba ya ganinta, amma idan aka saita kyamara ta musamman a kan tankin da kake ganin lafiyarsa ƙalau, sai ka ga wani baƙin tururi na tuɗaɗowa daga murfi. A cikin shekara 20 na farko ta fi kabon riƙe zafi sau 80 da wani abu. Ita ce kuma gas ɗin da ake sayarwa, wato kuɗi ne ke zuba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta sha nanata cewa kaso mai tsoka na wannan yoyo ana iya toshe shi ba tare da asarar ko kwabo ba, domin gas ɗin da aka tare zai biya kuɗin gyaran. Amma har yanzu, a lissafin Bankin Duniya, ana ƙona gas sama da kubik mita biliyan 140 a banza kowace shekara a bakin rijiyoyi. Wanda ya kasa ɗaure famfon da ke zubar masa da kuɗinsa, da wane baki zai yi mana alƙawarin shekara talatin?

Maganin da na fi yarda da shi tsoho ne: a sa wa hayaƙi farashi. Suwidin ta fara harajin kabon a 1991, hayaƙinta ya ragu da wajen kashi ɗaya bisa uku, arzikinta kuma ya ci gaba da bunƙasa. Tarayyar Turai ta buɗe kasuwar izinin fitar da hayaƙi a 2005, ta yi tuntuɓe a farko saboda ta raba izinin kyauta har ya zama ba shi da daraja, daga baya ta matse. A Suwidin ɗin ne kamfanin ƙarfe na SSAB ya miƙa wa kamfanin motoci na Volvo ƙarfen farko da aka sarrafa da iskar haidurojin maimakon kwal a 2021. Ruwa ba ya tsami banza.

Na san ƙorafin da za a yi, kuma ba na raina shi. Kamfani ba ya haɗiye haraji, kan mai saye yake juye shi, talaka ne kuma ya fi jin jiki. Faransa ta ɗanɗana wannan a 2018, lokacin da ƙarin harajin mai ya fito da masu zanga-zanga sanye da rawayar riga kan tituna har gwamnati ta janye. Idan kuɗin da aka tara bai koma aljihun masu ƙaramin ƙarfi ta hanyar da za su gani da idonsu ba, dokar ba za ta kai zaɓe na gaba ba. Akwai kuma kukan ƙasashe masu tasowa irin su Indiya a kan harajin hayaƙi na kan iyaka da Turai ta fara gwajinsa a Oktoban 2023, wanda ya shafi ƙarfe da siminti da alminiyom da takin zamani: waɗanda suka yi arziki da kwal shekara ɗari biyu, yanzu su ne ke tsaye a bakin ƙofa da sikeli. Kukan yana da tushe. Adalci shi ne wani ɓangare na kuɗin ya tafi wajen taimaka wa masana'antun waɗancan ƙasashe su sauya injina. Amma a lura da abin da harajin ya riga ya haifar tun kafin a fara karɓar sisi: mai masana'antar ƙarfe a Turkiyya ko Indiya, wanda bai taɓa damuwa da bakin bututunsa ba, yanzu ya ɗauki ma'aikacin da aikinsa shi ne ƙirga tan nawa ke fita, domin mai sayen kayansa a Turai na neman adadin.

Saboda haka idan kamfani ya fito da ƙasida mai koren bango yana cewa zai kai matakin ba-sauran-hayaƙi a 2050, ni shafin kasafin jari nake fara buɗewa, in ga nawa ya ware wa sabuwar rijiya, nawa ya ware wa sabuwar hanya. Sai in duba ko ya faɗi abin da zai cim ma nan da shekara biyar, lokacin da shugaban da ya sa hannu yake kan kujera, da kuma ko ladan ƙarshen shekararsa na rataye da wannan adadi. Tambayar da ta fi tona asiri ita ce ta ƙarshe: ranar da majalisa ta zauna kan dokar sa wa hayaƙi farashi, a wane ɓangare lauyoyinsa da ƙungiyar masana'antun da yake biya wa kuɗin zama mamba suka tsaya?