Dalar Juba ba ta kwana a aljihu

Makon jiya wani yaro ɗan Kano, bai fi shekara 25 ba, ya tsaya gaban ɗan canji a kasuwar Konyo Konyo da ke Juba, babban birnin Sudan ta Kudu, da dala 1,000 a hannu, kuɗin adaidaita sahun da ya sayar ya yi jari. Ɗan canjin ya ƙirga takardu goma, ya ware huɗu ya turo masa: biyu tsohon bugu ne, ɗaya an buga mata hatimi, ɗaya ta ɗan tsage a gefe. Yaron bai karaya ba. Cewa ya yi ai ba komai, gara ko'ina da Kano, nan aƙalla dala ake ci. Wannan kalma ita ta tsaya wa mutane a maƙogwaro, don ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Tana yawo a majalisu da WhatsApp tun da tsadar rayuwa ta kama gida. To 'yan'uwa, ga yadda dalar take shiga, ga kuma ƙofofin da take bi ta fice.

A fara da ita takardar. Dala 100 mai shuɗin zare, wadda aka fara fitarwa a 2013, ita ce kuɗi a Juba. Tsohon bugu, ko mai rubutun biro, ko mai tabo, ko dai a ƙi ta ko a karya mata farashi. Ƙananan takardu, 'yan 20 da 10 da 5, canjinsu bai kai na 'yar 100 ba. Duk mai shirin zuwa ya zauna a Wapa ya duba takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa su a ambulan mai kauri, kada ya ninke. Shi kuwa fam ɗin Sudan ta Kudu, lokacin da ƙasar ta sami 'yanci ranar 9 ga Yuli 2011 kusan fam 3 ne dala ɗaya, haka aka riƙe shi a hukumance har Disamba 2015 da aka sake shi. A 2024 dala ta haura fam 4,000, alhali babbar takardarsu 'yar 1,000 ce. Wato canjin dala 100 ɗauri huɗu ne da ɗoriya, sai da leda. Dokar 'yan kasuwa a nan ita ce kada fam ya kwana: cinikin yau a mayar da shi dala ko kaya kafin magariba. Wanda ya ba da bashin sati biyu da fam, ko an biya shi cif ya yi asara.

Dalilin karyewar a fili yake. Kusan duk kuɗin shigar gwamnati daga mai ne, man kuma ta bututu yake bi cikin Sudan zuwa Port Sudan. Yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023, bututun ya lalace a Fabrairu 2024, ma'aikata da sojoji suka yi watanni masu yawa babu albashi. Mutum da bindiga a kafaɗa da yunwa a ciki, kowa ya san inda zai nemi na cefane: shingen hanya bayan isha'i.

Sai ruwa, wanda shi ke fara cin baƙo. Garin yana bakin Farin Nilu, kogi shimfiɗe ba ya ƙafewa, amma yawancin gidaje ba su da famfo. Tankoki masu shuɗin fenti ne ke yawo unguwa-unguwa, yawancin direbobinsu 'yan Habasha da Eritiriya, suna cika duro mai lita 200 zuwa 250 a ƙofar gida. A zafin Fabrairu da Maris, wanda ya sa aka rufe makarantun ƙasar gaba ɗaya a Maris 2024, namiji ɗaya da wanka biyu da alwala biyar da wanki da girki ba zai kasa lita 40 zuwa 50 ba. Gidan mutum biyar duro ɗaya ne a rana. Farashin na bin dizal, dizal na bin dala, kuma iya nisan unguwa da kogi iya tsadarsa. Mai zama a Gudele ko bayan Jebel ba zai biya daidai da na Hai Malakal ba. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, in hanyar unguwa ta zama taɓo tanki ba ya shiga ko nawa za a ba shi, shi ya sa gida mai duro ɗaya gidan wahala ne. Uku ake ajiyewa, kada a bari na biyu ya ƙare ba a kira tanki ba.

Kuma ba kowane tanki ne ke ɗibar tataccen ruwa daga matatar da Japan ta gina ba, wani daga kogi yake zuƙowa kai tsaye. In ruwan ya zo da launin shayi, a jefa alif ɗan kaɗan a juya, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama cikin jarka. Ƙwayar kulorin mai miligiram 67 ɗaya ce ga lita 20 in ruwan ya yi garau, biyu in da sauran duhu, a jira minti 30. Kuskuren da ake yawan yi shi ne jefa ƙwayar cikin ruwa mai laka, lakar ta shanye ƙarfinta, mutum ya sha yana ganin ya tsira. Na biyu shi ne moɗa ɗaya da kowa ke tsomawa a duro. Kwalara ta ɓarke a ƙasar a ƙarshen 2024 ta kai har Juba, ga taifot da zazzaɓin cizon sauro da ba sa hutu. Ciwo in ya wuce na ƙaramin asibitin kuɗi, masu hali Nairobi ko Kamfala suke nufa, tikiti da dala, gado da dala.

Za a ce ai Kano ma 'yan garuwa ne ke riƙe da gari. Gaskiya ne, kuma abin kunya ne ga mai Tiga da Challawa da Tamburawa. Amma a Kano in kura ba ta zo ba akwai rijiyar maƙwabci, akwai burtsatsen masallaci, akwai gidan Alhaji da ya fito da famfo waje sadaka. A Juba baƙo ba shi da ko ɗaya. Ruwan burtsatse a unguwanni da dama gishiri-gishiri ne, ko kumfar sabulu ba ya yi sosai.

Wuta ta ɗan gyaru tun da aka buɗe tashar da ke aiki da mai a Nuwamba 2019. In layi ya iso unguwarku tana zama fiye da yadda aka saba gani a gida, wannan a ba su. Sai dai mita ce ta kati, kuma kuɗinta na cikin mafi tsada a yankin. Fanka da ƙwai biyu da cajin waya ba matsala. Firiza ko na'urar sanyaya ɗaki kuwa, sai mai albashin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Nan ne ma ruɗin yake. Baƙi iri biyu ne a Juba. Akwai ma'aikatan Majalisar da manyan ƙungiyoyin agaji, masu fararen Land Cruiser da doguwar eriya, masu zama cikin katanga da waya mai ƙaya, da janareta da masu gadi da dokar komawa gida kafin dare, da hutun fita waje duk bayan 'yan makonni, da jirgin da zai kwashe su in ta ɓaci. Hotunansu ne ake gani a Facebook a bakin kogi ƙarƙashin mangwaro. Sai kuma sauran: 'yan Yuganda masu kayan gwari da gini, 'yan Kenya a bankuna da makarantu, Somaliyawa a gidajen mai da hawala, 'yan Habasha da Eritiriya a otal da ruwa, 'yan Darfur a shaguna. Yaron da ya sayar da adaidaita cikin na biyun zai faɗa, kuma ya tarar kowace sana'a da masu ita. Abin da ya iya ɗin ma ba zai yi ba: tun 2013 aka hana baƙi acaɓa, wanda suke kira boda boda, shekarar da aka hana shi a Kano, kuma dokar ƙwadago ta 2017 ta keɓe talla da tuƙi da aikin ƙarfi ga 'yan ƙasa.

Takardu kuwa ba a wasa da su. Babu jirgi kai tsaye, sai an bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Nairobi. Biza kafin a taso, katin rigakafin shawara a hannu, rajistar baƙi a ofishin shige da fice cikin kwana uku da sauka, sannan izinin aiki na shekara-shekara. Wanda ya manta rajistar kwana ukun ba zai ji komai ba sai ranar fita ko ranar da aka tare shi a hanya. A riƙa yawo da kwafin fasfo, asalin ya zauna a gida. Kada a ɗaga waya a filin jirgi, ko kan gada, ko kusa da soja. In ana sauke tuta a wajen kabarin John Garang, jagoran gwagwarmayar Kudu, a tsaya cak har a gama. A je ofishin jakadancin Nijeriya a rubuta suna, ko ba za su tsinana komai ba.

Abinci shi ne ya fi nuna bambancin garuruwan biyu. Tumatir da albasa da kabeji da ƙwai da garin masara da ke Konyo Konyo, mafi yawansu daga Yuganda suke, ta hanya guda mai kwalta, kilomita 192 daga Nimule, garin kan iyakar ƙasashen biyu. Mai da siminti da kayan kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Mombasa a Kenya suke tasowa, sama da kilomita 1,500. A Agusta 2021, bayan an kashe direbobi a wannan hanya, masu manyan motoci suka ajiye su a Elegu, bakin iyaka, kusan sati biyu. Gidajen mai suka yi layi, kasuwa ta haukace. Gari guda a rataye da igiya ɗaya. Ƙasa ce mai ruwan sama da ƙasar noma da shanu ba iyaka, amma yaƙin da ya fara a Disamba 2013 ya kori manoma daga gonakinsu, yarjejeniyar 2018 kuma ba ta mayar da kowa ba.

Yanzu a tsaya a Kwanar Dawanau a duba. A rufe hanyar Legas wata guda, Kano za ta ji jiki a fetur da kayan Singa, amma ba za ta kwana da yunwa ba. Kadawa da Kura da Kwanar Gafan suna nan, Yankaba za ta cika da asuba. Injin ya lalace, Ƙofar Ruwa za a samo ɓangarensa ko a ƙera. A Juba ƙaramin ƙarfen janareta sai a jira shi daga Kamfala. Mu da muka tashi a cikin wannan ba ma lissafa shi dukiya, don ba a taɓa kawo mana takardar kuɗinsa ba.

Ba a ce Kano aljanna ce ba. Ta ga harin Boko Haram na 20 ga Janairu 2012, ta ga dokar hana fita a Agusta 2024, ga faɗan daba da ƙwacen waya da suka hana mutane fita sallar asuba a wasu unguwanni. Mutanen Juba kuma ba mugaye ba ne. In ka iya Larabcinsu mai sauƙi, mai shayi a gindin bishiya za ta san sunanka cikin kwana uku. Akwai busasshiyar kuɓewa, weka suke ce mata, akwai zoɓo, akwai asida da za ta ɗan rage kewar tuwo. Daddawa da kuka dai a ƙullo daga gida.

Amma tashin hankalin gida da na waje ba ɗaya ba ne, ko da harsashin iri ɗaya ne. A Yuli 2016 da aka yi kwana huɗu ana gwabzawa a tsakiyar Juba tsakanin dakarun Shugaba Salva Kiir da na mataimakinsa Riek Machar, Turawa jirage suka kwashe su, Yuganda ta turo sojoji da motoci ta kwashi nata. Wanda ba shi da ko ɗaya ya kwanta a ƙasa a ɗaki yana ƙirga sauran ruwan duro. A Janairu 2025 aka far wa shagunan 'yan Sudan saboda kisan da aka yi wa 'yan Sudan ta Kudu a garin Wad Madani da ke Sudan, har aka sa dokar hana fita daga ƙarfe 6 na yamma. Bahaushe da jallabiya da hula da tabon sallah, wanda dama Fallata ake kiransa, wa zai tsaya duba fasfonsa a irin wannan dare? Shi ya sa tsofaffin zama ba sa rabuwa da abu huɗu: abincin sati biyu, duro cike, waya biyu a layi daban-daban, da kuɗin mota zuwa Nimule da dala, a wuri da ba shago ba.

A Kano in ta ɓaci mutum ya san lungun da zai bi, ya san gidan da zai buga a buɗe masa ba tambaya. Yana da mai unguwa, yana da limamin da ya raɗa masa suna, yana da ubangida a Kwari da zai ba shi dila bashi a kan sanin mahaifinsa kawai. In ya kwanta ciwo sai an gaji da masu kawo kunu. In ta Allah ta kasance da hantsi, kafin azahar an yi masa wanka, an sallace shi a ƙofar gida, sahu har bakin titi, an kai shi Dandolo ko Tarauni kusa da nasa. A Juba akwai masallatai a Malakiya da Konyo Konyo, Musulmi kuma ba sa barin gawa a ƙasa, Allah Ya saka musu. Amma 'yan shaguna ne za su rufe na awa ɗaya, mutum goma sha wani abu, rabinsu ba su san sunan unguwarku ba. Kai gawa gida ta jirgi biyu ba maganar talaka ba ce. Sai a buga wa Hajiya waya, a turo mata hoton kabari.

Yaron dai an samo masa wanda ya karɓi takardu huɗun a kan ragi, an kai shi ya yi rajista a rana ta uku. Yana kwana a bayan shagon wani ɗan Fagge, an ce ya riƙe kuɗin tikitin komawa kada ya taɓa.