Allon Jika Ɗari Uku da Bai Iya Lissafi Ba

Ƙanena da ke aiki a Faransa mutum ne mai zumunci, sai dai zumuncin nasa ba ya shawara da kowa. Bai taɓa bugo waya ya ce, "Yaya, mi kake buƙata?" ba. Abin da ya burge shi shi yake aikowa, ko da rigar sanyi ce a tsakiyar bazara. A 2010, shekarar da sojoji suka sauke shugaban Nijar Tandja, abin da ya burge shi wani sabon allon kwamfuta ne mai suna iPad, na kamfanin Apple, da aka fara sayarwa a Amurka ranar 3 ga Afrilu, ya isa shagunan Faransa a ƙarshen Mayu. Ya saya, ya damƙa wa wani ɗan unguwarmu mai dawowa gida, daga Yamai aka sanyo shi a bas har Maradi. A jikin kwalin ya manna 'yar takarda: "Yaya, wannan zai gyara maka kasuwanci."

Ni kuwa shadda da atamfa nake sayarwa a babbar kasuwa, kuma kasuwancina bai ce mini ya lalace ba. Kayan aikina uku ne: littafin bashi, tsohuwar kalkuleta da lambobinta suka goge sai dai yatsa ya san wurinsu, da Nokia mai tocila.

A tsakar gida aka buɗe kwalin, bayan la'asar. Gilashi ne baƙi, inci 9.7, da maɓalli ɗaya tak a ƙasansa. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta juya bayansa, ta ƙura wa tambarin ido, ɗan itacen nan da aka gatsa a gefe.

"Wa ya ci ya rage?" in ji ta. "Kuma yaron nan bai ji kunyar aiko ma wansa saura ba?"

Na ce mata tambarin kamfani ne. Ta tambayi kuɗinsa. A Amurka mafi arha dala 499 ne, irin nawa kuwa mai ɗaukar sim dala 629, wanda a sefa ya haura jika ɗari uku. Inna ta yi salati, ta ajiye shi a kan tabarma a hankali, ta ja jikokinta baya.

Da na danna maɓallin sai hoton igiya ya fito, tana nuni da wani tambari. Nan ya tsaya. Ashe ba ya buɗe ido sai an haɗa shi da wata kwamfutar, an kuma sauke wata manhaja ta kamfanin a kanta. Wato ka samu kwamfuta, amma sai ka nemo mata kwamfuta. Na kai shi wata sibar, wato shagon shiga intanet, yaron wurin ya fara sauke manhajar, ni kuma ina biyan awa. Duk sanda layin nan na allo ya kusa cika, sai a ɗauke wuta. Har muka saba da yaron, na san sunan garinsu da kuɗin sadakin da ake nema a wurinsa. Ranar da abin ya buɗe, mutanen da ke cikin sibar suka bar nasu aikin suka zagaye ni, wani har da tafi.

Daren ranar na nufi fadarmu da shi a hammata, cikin sabuwar shadda. Ba zan ɓoye ba, rabin awar farko tawa ce. Na shafa gilashin da yatsa hoto ya gudu, na buɗa yatsu biyu ya girma, na kwantar da allon rubutu ya kwanta. Mai dafa shayi ya shagala har butar ta tumbatsa. Kowa sai ya taɓa, kuma an ci tsire a daren, don haka kafin a sha na biyu gilashin ya koma rajistar 'yan fada, yatsan kowa da man ƙulinsa.

Sai shugaban fada ya miƙo wayarsa.

"Kunna bulutut ka turo mini abin da ke ciki."

Akwai bulutut ɗin, amma na haɗa abin sauraro ne ko allon rubutu, ba ya tura wa wayar kowa komai, ba ya karɓa. Wani ya zaro memwar daga wayarsa ya ce a sa a ji wa'azi. Aka juya allon gaba da baya ana neman rami, babu. Kile ta USB ma babu inda za ta shiga. Rediyo fa, a ji labaran dare? Babu. Tocila? Aka yi dariya kafin in amsa. A Maradi waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Wadda ba ta ba maƙwabciyarta waƙa, ba ta haska wa tsohuwa hanyar masallaci, ana yi mata kallon marowaciya ne ko da zinari aka ƙera ta. Shugaban fada ya mayar da wayarsa aljihu ya ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Abin ya tsaya mini a rai, na ƙudurta sai na sa masa sim sun ga aiki. A nan ne aka yi ta'asa. Ramin sim ɗinsa ƙarami ne, irin wanda a lokacin ba mu taɓa gani ba, namu kuwa manya. Wani mai gyaran waya a bakin kasuwa ya ce wannan ba matsala ba ce, ya taɓa gani a intanet. Ya karɓi sim ɗina, wanda lambar duk wani mai bashina ke ciki, daga Tibiri har Madarunfa, ya ɗora a kan benci. Ya zana da biro, ya ciro sabuwar reza daga takardarta, ya yi bisimilla. Ina tsaye ina jin kowane yanka a haƙarƙarina. Ya goge gefen da takardar yashi, ya hura, ya sa. Ga mamakinmu rezo ya fito. Ya dube ni da alfahari ya ce, "Alhaji, kira wani."

Muka duba shafin farko, muka duba na biyu. Babu wurin kira. Sim ɗin na intanet ne kawai, allon ba ya buga waya, ba ya amsawa, saƙon waya ma bai san da shi ba. Na ce to a mayar mini da kayana cikin Nokia. Sai ga shi sim ya rame, yana yawo a gidansa na da. Mai gyaran ya yago kwalin ashana ya tokare shi. Daga ranar, duk ramin da kabu-kabu ya faɗa da ni, layina ya ɗauke. Wata Hajiya da nake bi kuɗin turmi biyar ta rantse ta kira ni ta biya ba ta same ni ba, kuma a karon farko a tarihin mu'amalarmu na kasa ƙaryata ta.

Sai da na sayi wani sim ɗin aka sake yankewa don allon kaɗai.

Ana cikin gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu a lokacin. Ranar 2 ga Yuli Suarez na Uruguay ya tare ƙwallon Ghana da hannu a mintin ƙarshe, Asamoah Gyan ya buga fenariti ta daki ƙarfen sama, Uruguay ta wuce. Washegari fada ta rabu biyu kan ko ƙwallon ta riga ta haye layi kafin hannun. Aka ce ga mai allo, a kawo hujja. Na buɗe wani shafin wasanni, muka jira shi har aka wanke kofuna, ya fito layi-layi. Daidai inda bidiyon zai kasance sai ga fili fari da ɗan tambari a tsakiya. Yawancin bidiyon shafuka a wancan zamani da wata manhaja mai suna Flash suke aiki, allon kuwa ba ya karanta Flash, kuma da gangan ne, don shugaban kamfanin har doguwar wasiƙa ya fitar a watan Afrilu yana bayanin dalilansa. Na yi ƙoƙarin isar da dalilan ga jama'a. Ba wanda ya saurare ni, gardama ta ci gaba da baki kamar yadda aka saba tun kafin a ƙirƙiro wutar lantarki.

Labarin ranar suna kuwa gajere ne. Matar ƙanen babana ta haihu, aka ce in zo da "babbar kyamarar nan". Mata suka jeru da gwaggwaro, Kawu ya gyara rawani, aka ɗora jaririya a cinyar kakarta. Na ɗaga allon ina lalube, hannuna na rawa, don nauyinsa ya haura rabin kilo. Babu kyamara, ko gaba ko baya. Kawu ya gaji da murmushi ya ce, "Ɗana, in ka ɗauka ka sallame mu, haƙorana sun bushe." Wani yaro ɗan sakandare ne ya fitar da mu kunya da wayarsa 'yar China mai sim biyu da eriyar talabijin.

Duk wannan na haɗiye, domin takardar ƙanena kasuwanci ta ambata, ba biki ba. Ranar wata Litinin, kasuwa ta cika, wani babban mai saye daga Jibiya ya zo da naira. Mu nan kullum a tsakanin naira da sefa muke, canji kuma yana motsi, don haka lissafi shi ne rabin ciniki. Ya zaɓi shadda da atamfa masu yawa, ya ce a haɗa masa. Na ture tsohuwar kalkuleta da gefen hannu yadda zai gani, na ɗora allon a kan tulin yadi. Maƙwabtana suka leƙo. Na shafa dama, na shafa hagu. Ga taswira, ga kalanda, ga wurin rubutu mai launin takardar makaranta. Na sake shafawa. Gumi ya fara tsattsafo mini.

Na'urar jika ɗari uku ba ta da kalkuleta.

Wai sai an shiga shagon kamfanin na intanet, an buɗe asusu, an sauko da wata. (Ta kamfanin kanta ba ta zo kan allon ba sai 2024, bayan shekara 14. Wanda ya jira ta ya yi haƙuri.) Mutumin Jibiya ya bar ni ina shafa, ya lumshe ido, leɓɓansa suka ɗan motsa, ya faɗi jimilla da naira, ya juya ta sefa, ya zare ragin da ya ga dama.

"Duba a talabijin ɗin taka, Alhaji, ko na yi kuskure."

Na jawo kalkuletata a hankali daga inda na ture ta. Bai yi kuskure ba ko na dala ɗaya.

Da azahar na fito da allon waje don nuna wa wani tela hoton aiki, na ajiye shi a kan buhu muna gaisawa. Da na ɗauka sai ga gargaɗi: ya yi zafi, sai ya huce. An ƙera shi ne ya yi aiki daga digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu 40 ma gaisuwa ce. Daga baya na ga hoton ranar da aka gabatar da shi a San Francisco, 27 ga Janairu: mutum zaune a lallausar kujera, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, allon a cinyarsa. Don wannan mutumin aka yi shi, mai kwamfuta a ɗaki, da kyamara a aljihu, da intanet a bango. A wurinsa allon ƙari ne. Mu kuwa so muke abu ɗaya ya zama waya da rediyo da fitila da akawu.

Amma a faɗi gaskiya, yana da abin da ya iya. Batirinsa yana kai awa 10, abin da ba a raina shi a garin da wuta ke zuwa da izininta. Kuma da yaron sibar ya loda mini hotunan ɗinki da zanen atamfa, mata suka riƙa tsayawa suna buɗa yatsu don ganin aikin wuya zare-zare. Kallo dai suke yi, ciniki bai ƙaru ba, amma rumfata ta yi suna. Da azumi ya kama a watan Agusta na nemi ya tashe ni sahur, na tarar agogon ƙararrawa ma babu. Mai kiɗan gwangwani na unguwarmu ya ci gaba da aikinsa.

Sunan nan da rumfar ta yi ne ya kawo mini wani Alhaji, babban ɗan kasuwar hatsi, mai yara da motoci. Ya zauna, aka gaisa, ya nuna allon da baki.

"Sayar mini da wanga."

Na ji tsoron Allah na karanta masa komai. Ranka ya daɗe, ba ya kira. Ba ya ɗaukar hoto. Ba ya lissafi. Ba ya son rana.

"Ina da yara masu yi mini duk wannan," in ji shi. "Akwai wani mai irinsa a garin ga?"

"Ban gani ba tukuna."

"To nawa?"

Bai nemi ragi ba. Tun daga ranar ba a taron 'yan kasuwa, ko ɗaurin aure, ko tarbar baƙo, sai ka hango shi da allon a hammata, tambarin yana kallon jama'a. In ya zauna ya ɗora shi a gwiwa, ya dafa da hannu mai zobe. Har aka fara cewa Alhaji da Dubai yake magana kai tsaye.

Bayan babbar salla uwargida tana kakkaɓe ɗaki ta tsinto wata farar igiya a bayan akwati, mai faffaɗan kai. Cajar allon ce. Watanni ke nan da cinikin. Na hau kabu-kabu da sauri har gidan Alhaji, na same shi a zaure da jama'a, allon na gwiwarsa. Na durƙusa na miƙa masa. Ya juya ta, ya ja ta ya ga tsawonta, ya dube ni.

"Wagga kuma ta mine ce?"