Fim ɗin da kake yawan komawa gare shi yana ba da shaida a kanka

Idan aka tambayi mutum wane fim ya fi so, sau da yawa amsa biyu gare shi: wadda zai furta a gaban jama'a, da wadda zai bari a ransa. Ta farko galibi fim ne da ya sha yabo, wanda ambatonsa kaɗai ke nuna cewa mai maganar ya san abin da ya dace. Ta biyu kuwa ita ce fim ɗin da yake kunnawa idan ya gaji ko ransa ya ɓaci, wanda ya san ƙarshensa, ya haddace maganganun cikinsa, amma bai daina komawa gare shi ba. A ganina wannan amsa ta biyu ta cancanci mutum ya zauna ya yi nazarinta da gaske, domin tana ɗauke da shaida a kan abin da zuciyarsa ke nema, shaidar da mai yiwuwa shi kansa bai taɓa tsayawa ya saurara ba.

Tazarar da ke tsakanin amsoshin biyu abu ne da aka auna. A shekarar 2009 Katherine Milkman da Todd Rogers da Max Bazerman sun wallafa bincike a kan bayanan wani kamfanin Ostareliya mai ba da hayar faifan DVD ta intanet, inda suka gano cewa mutane kan ajiye fina-finan da suke ganin ya kamata su kalla, irin na ilimantarwa, su daɗe a hannunsu, alhali na nishaɗi nan da nan ake kallonsu a mayar. Kamfanin Netflix ma ya ci karo da wannan hali. A 2017 ya daina tsarin ba wa fim taurari ɗaya zuwa biyar, ya koma na ɗaga babban yatsa sama ko ƙasa, kuma cikin dalilan da jami'ansa suka bayar har da cewa masu kallo kan ba fim mai nauyi taurari biyar, su ba na barkwanci uku, sannan na barkwancin ne suke ta maimaitawa. Tun a 2006 kamfanin ya sa gasar dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai inganta masa hasashen abin da mai kallo zai so da kashi 10 cikin ɗari. Ke nan akwai waɗanda suka zuba dukiya mai yawa don su karanci zukatanmu daga abin da muke kallo, kuma abin damuwa ne a ce mai zuciyar shi ne na ƙarshe da zai karanta.

To, me ya sa fim zai iya ba da shaida a kan mai kallonsa, bayan wasu ne suka rubuta shi, suka shirya shi, ba tare da sun san da shi ba? Dalili shi ne ba duk abin da mutum ya gani a fim ne ke cikin fim ɗin ba. Kaso mai yawa shi ne ya zo da shi. Kimanin shekara ɗari da suka wuce, wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar wani jarumi wadda ba ta nuna komai, ya jera ta sau ɗaya da kwanon miya, sau ɗaya da gawa a cikin akwati, sau ɗaya da wani hoton daban. Kamar yadda abokin aikinsa Pudovkin ya ruwaito, masu kallo sun yi ta yabon gwanintar jarumin wajen nuna yanayi daban-daban, alhali fuskar ɗaya ce ba ta sauya ba. A 1944 kuma Fritz Heider da Marianne Simmel sun nuna wa ɗalibai a Amurka wani gajeren fim wanda babu komai cikinsa sai alwatika biyu da da'ira ɗaya suna kai-komo a gefen wani akwati, amma kusan dukkan ɗaliban sun ba da labarin faɗa da tsoro da zalunci da ceto. Idan har zane marar ido da baki zai iya jawo irin wannan labari daga cikinmu, ina ga fim mai mutane da kiɗa da hawaye? A kan irin wannan fahimta ce Henry Murray da Christiana Morgan suka gina gwajinsu na halayyar ɗan Adam na 1935 a jami'ar Harvard, inda ake nuna wa mutum hoto a ce ya ƙirƙiri labarinsa, don a ji irin buƙatun da za su fito daga bakinsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a kan nau'in fim. A ce mai son fim ɗin yaƙi mai zafin rai ne, mai son na soyayya mai taushin zuciya ne, wannan hukunci ne na sama-sama wanda ba ya ƙara wa kowa sanin kansa. Mutum uku za su iya son fim ɗin yaƙi guda, kowa da abin da ya riƙe shi. Na farko yana jiran wurin da soja ya koma cikin ruwan harsashi don ya ɗauko abokinsa da ya faɗi, domin abin da ya rasa a rayuwarsa shi ne aminin da ba zai gudu ya bar shi ba. Na biyu idonsa na kan kwamandan da idan ya yi magana kowa ke yin shiru, domin shi a wurin aikinsa ko a gidansu maganarsa ba ta da nauyi. Na uku duk harbe-harben ba su dame shi ba, fitowar ƙarshe yake jira, inda aka dawo gida aka tarar ana jira a bakin ƙofa. Sunan fim ɗin ɗaya ne a bakinsu, amma da za a tambayi kowannensu a wane minti ne maƙogwaronsa ke cushewa, da an ji labarin rayuwa uku mabambanta.

Haka abin yake ga sauran nau'o'in. Matar da ba ta gajiya da fina-finan soyayya, ba lallai ne masoyi take nema ba, wataƙila tana da miji mai ƙaunarta. Abin da ke jan ta shi ne wurin da aka zaɓi jarumar a bainar jama'a, aka fifita ta ba tare da kunya ba, domin ta shekara da shekaru tana hidimar da ba wanda ya taɓa ambata. Mai son fina-finan ramuwar gayya kuma, idan ya duba da kyau, sau da yawa zai ga ba jinin ne ke sanyaya masa rai ba, lokacin da azzalumin ya gane cewa ya yi zalunci ne. Irin wannan mutum buƙatarsa ita ce a amsa cewa an cuce shi, kuma wannan buƙata ce da ake iya biya ba tare da an taɓa lafiyar kowa ba, idan har ya gane ita ce ke damunsa.

Akwai kuma wanda muka tsana a cikin fim, wanda na fi ganin ana tsallakewa. Ba mugun da aka shirya don kowa ya tsane shi nake nufi ba, ina nufin wani ɗan ƙaramin hali da ke tunzura ka fiye da yadda yake tunzura na kusa da kai: matsoracin da ya yi shiru a lokacin da ya kamata ya yi magana, ko mai neman suna, ko ɗan da ya yi watsi da iyayensa. Masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya yi bayanin cewa ɓangaren halinmu da muka ƙi amincewa da shi, wanda ya kira inuwa, mukan jingina shi ga wasu mu yi ta fushi da shi a jikinsu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Fim yana da wani amfani a nan wanda zaman duniya ba shi da shi, domin wanda ka tsana ɗin ba ya nan balle ya yi maka gardama ko ya rama, don haka kana da sararin tambayar kanka dalilin zafin ba tare da girman kai ya shiga tsakani ba.

Maimaita kallo shi ne ya fi komai ƙarfin shaida. A karon farko ana iya cewa son sanin ƙarshe ne ya zaunar da mutum, amma wanda ya san ƙarshen ya sake zama, wani abu ne daban ya dawo da shi, kuma ruwa ba ya tsami banza. Cristel Russell da Sidney Levy sun wallafa bincike a 2012 bayan tattaunawa da mutanen da ke sake karanta littafi ko sake kallon fim da gangan, suka ga cewa da yawansu kan yi amfani da wannan komawa wajen gane yadda su kansu suka sauya. Wanda ya kalli rikicin uba da ɗa yana saurayi ya goyi bayan ɗan, idan ya sake kallo bayan ya haifi nasa zai iya samun kansa yana jin ciwon uban, har ya lura da maganganun da a da ko jin su bai yi ba. Fim ɗin yana nan yadda aka bar shi, shi ya sa yake iya zama ma'auni.

Sai dai akwai ƙalubale mai ƙarfi ga duk abin da na faɗa, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Fim ba ya tsayawa ga tono abin da ke cikin zuciya, yana kuma shuka abin da babu shi a da. Masanin Faransa René Girard ya kafa hujja tun 1961 cewa yawancin abin da muke so, mun koyi son sa ne daga ganin wani yana so. Masana'antar fim ta san wannan sarai, shi ya sa kamfanoni ke biyan kuɗi don a ga motarsu ko agogonsu a jikin jarumi, kuma rahoton babban jami'in lafiya na Amurka na 2012 ya tabbatar da cewa ganin ana shan taba a fina-finai na cikin abubuwan da ke sa matasa su fara sha. Saboda haka wanda ya tashi daga kallo yana jin cewa burinsa shi ne katafaren gida da mota da irin jikin jarumi, bai kamata ya yi saurin cewa ya gano kansa ba, domin mai yiwuwa abin da aka sayar masa ne ya gano.

Ana iya bambancewa, ko da yake ba a rana ɗaya ba. Sha'awar da aka shuka takan manne wa abu: tufafi, gida, fuska, wani birni mai ƙyalli, kuma takan sauya idan fim na gaba ya zo da nasa. Wadda aka tono kuwa takan manne wa yanayi, kamar a saurare ka, ko a yafe maka, ko ka sami 'yancin tafiya, ko ka iya wani abu har a san ka da shi, kuma za ka same ta tana ɓullowa a fina-finan da ba su da alaƙa da juna, na dariya da na ban tausayi, na ƙasashe daban-daban. Za ka kuma tarar ta girmi fim ɗin, tana nan tun kafin ka san da shi. Don haka fim ɗaya bai isa hujja ba. Sai mutum ya jera waɗanda ya fi komawa gare su, ya rubuta fitowar da ta fi taɓa shi a kowanne, sannan ya nemi zaren da ya ratsa su.

Ko a nan ma akwai tarko, domin ɗan Adam gwani ne wajen ƙirƙira wa kansa dalilai masu daɗin ji. Richard Nisbett da Timothy Wilson sun nuna a 1977 cewa mutane kan bayar da dalilan zaɓinsu da cikakken tabbaci, alhali abin da ya ja su daban ne. Mai son fim ɗin ramuwa zai fi so ya ce adalci yake ƙauna, ko da kuwa mulki yake kwaɗayi. Wani lokacin ma fim ɗin ba shi ne abin so ba, shekarun da aka kalle shi ne, ko mutumin da aka kalla tare da shi wanda yanzu ba ya raye. Maganin wannan shi ne a kai abin da aka gano gaban wanda ya san mutum da daɗewa kuma ba ya tsoron faɗa masa gaskiya, a ce masa: ga abin da nake zaton ina nema, kai me ka gani? Sau da yawa amsarsa za ta fi ta mai tambayar kusa da gaskiya, ko da ba ta yi daɗi ba.

Wasu za su ce bin diddigin abin da rai ke so hanya ce ta sakar masa linzami, kuma damuwarsu tana da tushe, domin ba duk abin da zuciya ke nema ne ya dace a ba ta ba. Amma gano buƙata daban, yi mata biyayya daban. Malaman tarbiyya irin su Imam Gazali sun yi dogon bayani a kan muhasaba, wato mutum ya riƙa yi wa kansa hisabi, kuma ba a yin hisabin abin da aka ƙi kallo. Wanda ya gane cewa son girma ne ke jan shi ga fina-finan sarakuna da attajirai ya fi wanda bai gane ba damar tsare kansa ranar da aka ba shi ɗan muƙami. Wanda kuma ya ga cewa a duk fina-finan da yake so akwai wani da ya tattara kayansa ya bar gari, ba a ce ya bar iyalinsa ya bi hanya ba. Abin da ke gabansa shi ne ya binciko mene ne ya ƙuntata masa a inda yake: aikin ne, ko bashi, ko wata magana da ya daɗe yana haɗiyewa, sannan ya duba wanne daga cikinsu ne zai iya gyarawa yana zaune a gidansa.