Ƙyallin jirgin Kawu

Kun dai san jirgin Kawu, shuɗin nan na faiba mai injin Yamaha 40 da ke ɗaure a bakin ruwa a Yelwa. Rana ta ci shi har ya yi furfura, in ka shafa sai tafin hannunka ya fito da farin gari. Rigatar Yawuri, bikin nan na jiragen ruwa, ta matso, Kawu ya ce shi ba zai wuce ta gaban Sarki a haka ba, kuma tunda ni na taɓa zama shagon fanal bita a Kwantagora, aikin nawa ne.

Na tara su Kawu na yi bayani. Shuɗin nan ba fenti ba ne, wata fata ce da ake fesawa tun a masana'anta kafin a shimfiɗa faibar, kaurinta wajen rabin milimita ne kacal. Samanta rana ke ƙonawa, lafiyayyen launin na ƙasa. Sai a wanke da omo, a bi da samfefa a jiƙe, 1000, sannan 1500, sannan 2000, a goge da man goge mota a inji mai juyin wajen 1,500 a minti, a rufe da kaki. Mai walda ya kawo girandarsa, na ce ya mayar, abin da ke juyi 11,000 ai sai ya ƙone fatar ya kai ga zare.

Duk wannan ƙanin amaryar Kawu na kan benci yana shan rake. Mutumin nan, tun da ya yi dako a Apapa yake ganin babu jirgin da ya fi ƙarfinsa. Shi ne ya ari fitilata ranar ɗaurin aure, da na tambaya ya ce wace fitila. Shi ne kuma mai kira na Injiniya, yana jan ƙarshen. Ina tsugune yatsuna sun yi laushi da ruwa, ban gama ko kamu biyu ba, ya tashi ya karɓi man gyaɗa wajen mai ƙosai, ya dangwala tsumma ya shafe bayan jirgin. Nan take shuɗi ya fito. Jama'a suka ɗauki kabbara. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, kuɗin samfefar nan fa?" Na ce wa Kawu man nan jiƙa garin kawai yake yi, a ba shi kwana biyu ƙurar hunturu ta manne. Babu wanda ya ji ni, ana ta ba mai rake hannu.

Na dai gama gefena, kuma wallahi ya yi kyau, kana ganin haƙoranka a jiki.

Ranar gwaji Kawu ya gayyato surukai. Na sa farar shaddata ta sallah, na ce ni zan fara shiga. Na ɗora ƙafar dama a kan hancin jirgin, ta tafi. Ban aike ta ba, tafiya ta yi. Ta hagu ta ce ba za a bar ta a baya ba. Na kai hannu neman abin kamawa, na samu hannun rigar surukin Kawu, dattijo, ya fizge abinsa da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Na zauna a kan hancin jirgin, na zame, na ji kaina yana kallon sama, sai tsundum.

Ni ɗan tudu ne, kowa ya sani. Na shiga bugun ruwa ina salati, ina kiran a cece ni, har na kira sunan Inna. Yaran Sarkawa masunta da suka iya iyo kafin tafiya sun jeru a gaɓa, babu wanda ya motsa. Can wani tsohon Basarke da ke gyaran koma, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Samari, miƙe mana." Na miƙe. Ruwan iya gwiwa. Laka daga wuya har ƙasa, takalmi ɗaya, hulata kuwa ta kama hanyar Kainji. Mata sun rufe baki da mayafi, kafaɗu na rawa. Sai muryar nan daga benci: "Injiniyaaa, ƙyalli ya yi!"

Har yau ana gardama ko man gyaɗansa ne ko kakina. Ni gefe na shafa. Da ɗan wurin takawar, don kada ya fita daban. Amma an ga tsummansa a wurin, mai ƙosai ma shaida ce, sai dai ta ce ba ta shiga maganar dangi.

Kawu bai ma je Rigatar ba, injin ya ƙi tashi. Kuɗin samfefa ya ce in bari sai an sayar da shinkafa.