Jar Mota da Furar Sahur

A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, mutum yana iya goyon bayan kowace ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Turai ba tare da an tuhumi hankalinsa ba, amma tseren motoci na Formula 1 ba shi da mabiyi sai ni kaɗai. Ni malamin firamare ne, kuma a waya na san gasar, ta 'yan guntayen bidiyo da nake saukewa duk lokacin da na shiga gari cirar albashi, domin a wajenmu sabis ba ya samuwa sai an hau tudun bayan makaranta an ɗaga hannu sama. Shekara da shekaru ina kawo zancen a majalisarmu ta gindin darbejiya, ana saurarena da irin haƙurin da ake yi wa malamin da ke koyar da 'ya'yan mutane.

Da kakar 2025 ta ƙarato sai na ga damata ta zo. Lewis Hamilton, Baturen Ingila baƙar fata wanda ya ci kambun duniya sau 7, daidai da Michael Schumacher, ya bar Mercedes bayan shekara 12 ya koma Ferrari ta Italiya, masu jajayen motoci. Na shaida wa majalisa, bayan an idar da asham, cewa direba mafi nasara a tarihi ya shiga mota mafi daraja a tarihi, saboda haka magana ta ƙare tun kafin a tayar da inji. Abin da ban zata ba shi ne, mutanen da ba su taɓa kallon tseren ba ko sau ɗaya, kowannensu ashe yana da ra'ayi ƙwaƙƙwara a kansa.

Direban garinmu, wanda ke jigila da Sharon tsakanin Ringim da Kano, shi ya fara. Ya karɓi wayata ya kalli bidiyon a tsanake, sannan ya tambaye ni fasinja nawa motar take ɗauka. Na ce direba ne kaɗai a ciki. Ya tambayi ko akwai rami a hanyar, ko shanu suna tsallakawa, ko ana cin karo da tirela a kwana. Na ce babu ko ɗaya, kwalta ce shimfiɗaɗɗiya kuma kowa gaba ɗaya ya nufa. Sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Malam, to wannan ai ba tuƙi ba ne, hutu ne. A ɗora wa mutumin naka fasinja goma da buhunan riɗi a sama da akuya biyu a but, ya kai su Gujungu ranar kasuwa, sannan mu yi maganar kambu." Da na nuna masa cewa motocin suna wuce kilomita 300 a awa, bai girgiza ba, ya ce gudu ba gwaninta ba ne idan mutum ya san babu mai tsayar da shi ya nemi takardu.

Abu ɗaya ne ya faranta masa rai. Da ya lura cewa tayoyin da suke amfani da su a busasshiyar hanya ba su da zane ko kaɗan, sai ya juya ga jama'a ya ce su zama shaida, shekara nawa ana zaginsa a kan cewa tayoyinsa sun sude, ga shi manyan direbobin duniya da gangan suke sayen sudaddiyar taya. Na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa robar daban ce, an yi ta ne ta yi zafi ta manne wa kwalta, kuma idan ruwa ya sauka dole a canza zuwa mai zane, amma ya riga ya samu hujjar da yake nema.

Mai faci kuwa haushinsa na sana'a ne. Na gaya masa cewa ana canza taya huɗu cikin daƙiƙa biyu da ɗoriya, ina zaton zai jinjina. Ya ƙirga mutanen da suka yi wa motar caa a bidiyon, ya samu kusan ashirin, ya ce shi ma a ba shi yara ashirin da sababbin tayoyi ya ga wanda zai riga shi. Ya ƙara da cewa a cikinsu duka bai ga mai kaskon ruwa ba, bai ga wanda ya nemo inda ƙusa ta shiga ba, cirewa kawai suke yi su yar, kuma wannan almubazzaranci ne.

Wanda ya fi kusa da gaskiya, ko da yake a lokacin ban so jin ta ba, shi ne Kawu, dattijon da ya yi shekaru yana hawan salla a tawagar hakimi. Ya ce, "Ɗana, a sukuwa doki ne ke ci ko mahayi?" Na ce duka biyun. Ya ce a'a, mahayi nagari yana hana doki nagari faɗuwa, amma ba ya mayar da raggon doki ingarma, don haka in gaya masa motar wa ta fi lafiya. A nan ne ɗan yayata, ɗalibi da ya zo hutu daga Dutse, ya tsoma baki ba a gayyace shi ba. Ya ce McLaren ce ta ci kofin kamfanoni a 2024, karo na farko tun 1998, cewa Max Verstappen ɗan ƙasar Holan ya ci kambun direbobi shekara huɗu a jere daga 2021, kuma rabon direban Ferrari da kambu tun Kimi Räikkönen a 2007, lokacin shi yana goye. Na tabbata a wannan daren ya haddace su a tudun makaranta don ya ƙure ni kawai, domin har azahar ɗin ranar bai san Verstappen mutum ne ko gari ba.

Zuciya ta ɗebe ni, na yi alkawari a gaban kowa cewa idan Hamilton bai shiga ukun farko ba a tseren buɗe kaka, buɗa-bakin majalisa na ranar a wuyana yake, ƙosai da kunu da ƙanƙara. Kawu ya tabbatar cewa ba caca ba ce, tunda babu wanda ya ɗora komai sai ni.

Saura wurin kallo. An saba buɗe kaka a Bahrain a 'yan shekarun da suka gabaci 2025, amma saboda azumi aka ɗage tseren Bahrain da na Saudiyya zuwa watan Afrilu, aka mayar da buɗewar birnin Melbourne na Ostireliya, ranar Lahadi 16 ga Maris. Masu gasar sun girmama azumin Larabawa, sai dai lissafinsu bai biyo ta Jigawa ba, domin ƙarfe 3 na yamma a Melbourne ita ce ƙarfe 5 na asuba a wajenmu, daidai lokacin da mai hankali yake kan kwanon sahur. Mai gidan kallo ya ce bai taɓa tayar da janareta a irin wannan lokaci ba, amma da na ba shi kuɗin mai tun ranar Juma'a, na ƙara da na wahala, ya amince.

Da asubar, maiɗakina ta ɗumama tuwo ta ce, "Malam, ka zauna ka ci tukuna, motocin ba guduwa za su yi ba." Na ce ai guduwa ce sana'arsu. Ta dama mini fura da nono a babban kwano, na ɗauka na fita, da nufin in sha ina kallo. Lissafina mai kyau ne: a tashi tsere ƙarfe 5, in ga Hamilton ya tsere musu, in shanye fura, a kira salla. Na tarar da direba da mai faci da ɗan yayata da yara birjik, har da Kawu da bargonsa, duk ƙarar janareta ta taso su.

Ana ruwan sama a Melbourne. Kafin ma a fara, a zagayen da ake yi don ɗumama taya, wani sabon yaro Bafaranshe mai suna Isack Hadjar ya zame ya daki bango, ya fito yana kuka, har mahaifin Hamilton ya je ya dafa shi yana rarrashi. Aka jinkirta tashi da kusan kwata. Direba ya ce ko lodi ba a gama ba an yi haɗari. Ni kuwa na ajiye kwanon a ƙarƙashin benci, na ce ba zan sa komai a baki ba sai na ga fitilu sun mutu an tashi. Aka tashi, ba a gama zagaye ɗaya ba Jack Doohan, ɗan ƙasar, ya shiga bango. Motar rakiya ta fito ta shiga gaba don a rage gudu, kuma a bayanta, ana tafiyar a hankali, Carlos Sainz ma ya kwashe. Ina tsaye ina yi wa jama'a bayanin dalilin da ya sa ba a wuce juna a bayan motar rakiya sai na ji ladan ya ɗaga murya. Na sunkuya na jawo kwano, na ji shi sakayau. Mai faci yana share gemu, ya ce ya zaci sadaka ce aka kawo wa masu kallo, kuma ya yi wa mai damun addu'a.

Muka tafi masallaci, muka dawo, Hamilton yana nan inda muka bar shi. Na takwas ya tashi, kuma ya shafe yawancin tseren a bayan motar Williams ta Alex Albon, ya leƙa dama ya leƙa hagu bai samu hanya ba, yayin da Lando Norris na McLaren ke can gaba. Direba ya tambaya ko motar ba ta da hon ne. Ɗan yayata bai ce komai ba, wanda ya fi mini ciwo fiye da a ce ya yi magana. Hanya ta bushe, aka koma sudaddun tayoyi, gari ya waye a wajenmu, kuma cikina ya fara tuna mini tuwon da na raina.

Can kusa da ƙarshe ruwa ya dawo da ƙarfi. Motocin McLaren biyu suka zame suka bar kwalta, Oscar Piastri ya maƙale a ciyawa, na gaba suka riƙa shiga gareji ɗaya bayan ɗaya don sa taya mai zane, Ferrari kuwa ta bar motocinta a waje. Ina kallo da idona sunan Hamilton ya hau saman jeri, lamba ɗaya. Na yi tsalle har hulata ta bugi kwanon rufi, na fara kabbara, na kama hannun Kawu ina girgizawa. A daidai nan janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Mai gidan kallo ya sosa ƙeya ya ce man da na saya ya ɗan taɓa shi jiya da dare, saboda an nuna ƙwallo kuma jama'a sun cika.

Ban damu ba, domin na ga abin da na zo gani. Na lissafa cewa zagaye kusan goma ya rage, kuma mai kambu 7 ba ya sakin gaba a zagaye goma. Na fita na bi layin kasuwa ina shaida wa duk wanda na gamu da shi cewa jar mota ta ci. Na tsaya a tasha na yi wa 'yan kamasho bayani, na raka direba har ya tayar da Sharon zuwa Gujungu ina ce masa ya ji yadda ake tuƙi da sudaddiyar taya a cikin ruwa. Har gida na shiga na gaya wa maiɗakina cewa asarar fura ba ta tafi a banza ba.

Wajen hantsi na hango ɗan yayata yana gangarowa daga tudun makaranta, waya a hannu, yana tafiya a natse. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabin da bai saba ba, ya ce, "Kawu, sun gama." Ruwan ya ci gaba da zuba, dole Ferrari ta kira motocinta a makare, Hamilton ya fito daga gareji a can baya, kuma a zagayen ƙarshe Piastri, wanda muka bari a ciyawa, ya zo ya wuce shi. Norris na ɗaya, Verstappen na biyu, George Russell na uku a cikin Mercedes ɗin da Hamilton ya bari. Gwanina na goma. Na ce ai na goma ma yana da maki. Yaron ya ce haka ne, guda ɗaya, mai nasara kuma 25.

Azumin ranar ba shi da kama. Zafin Maris ya sauka tun kafin azahar, ciki babu komai tun buɗa-bakin jiya, kuma duk wanda na yi wa albishir da safe sai da ya nemo ni ya yi mini jaje. Da la'asar na bi masu ƙosai na saye kasko guda, na aika yaro a babur har Ringim neman ƙanƙara. Majalisar da ba ta wuce mutum takwas ranar sai da aka ƙaro tabarma biyu, har da waɗanda ban taɓa gani a gindin darbejiya ba, kowa yana cewa shi ma tun da can yana sha'awar tseren mota. Mai faci ya sha kunu kofi uku ya ce, ba don ya raina ba, amma furar asuba ta fi daɗi. Daga wannan dare yara suka fara kirana Malam Na-Goma.

Mako na zagayowa aka je Shanghai ta ƙasar Sin, kuma ranar Asabar Hamilton ya ci gajeren tseren da ake yi kafin babban. Na sa sabuwar riga na je majalisa da wuri, na zauna inda kowa zai gan ni. Ranar Lahadi ya gama babban tseren a na shida, sannan masu duba motoci suka auna katakon da ke ƙarƙashin motarsa suka tarar ya cinye fiye da ƙa'ida da ɗan abin da bai wuce rabin milimita ba, suka soke sakamakonsa. Ta abokin aikinsa Charles Leclerc kuma aka ɗora ta a sikeli ta gaza da kilo ɗaya, shi ma aka soke. Direba ya saurari bayanin har ƙarshe, a karon farko ba tare da ya katse ni ba, sannan ya gyara zama ya ce, "Ashe su ma ana tare su a duba musu mota. Malam, daga yau ina bayan mutumin nan naka, na san abin da yake ji."